Farin layin jiragen soja ba ya korar hadari

Akwai masu faɗa cewa farin layin da jiragen sansanin sojan sama ke bari yana korar hadari, kuma ba a ga laifin manomin da ya yi wannan zargi idan damina ta makara ba. Layin nan tururin ruwa ne daga injin, wanda ke daskarewa a tsayin da ya haura kilomita 8, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili. Ruwan damina kuwa iskar tekun Atlantika ke kawo shi.

Ku lura da kanku: jiragen fasinja ma suna barin layin, alhali jirgin soja da ke sauka a sansani ba ya barinsa. Don Allah ku isar wa 'yan uwa wannan bayani.