Ba dokar da ta ce a tuge gero a shuka bini da zugu

Zance na yawo a majalisu daga Gwadabawa har Tambuwal, wai gwamnati za ta tilasta wa manoma su bar gero da dawa su koma noman bini da zugu don a tatsi man dizal, wanda ya ƙi kuma a karɓe gonarsa. Har wani dattijo na ji yana cewa gara ya sayar da tasa tun kafin a zo. Baba, a dakata tukuna.

Abin da ke akwai shi ne manufar man tsirrai da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2007, ta ɗora wa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, jagoranci. Burinta a riƙa gauraya kashi 10 cikin ɗari na man rake ko rogo a fetur, da kashi 20 na man tsirrai a dizal. Manufa ce ta jawo masu jari. Babu tara a kan manomi, babu ɗauri, babu inda aka ce wane sai ya shuka kaza. Garaɓasar ma, irin su hutun haraji na shekara 10, kamfanoni aka yi wa. Manomi dai an ce ya noma ya sayar musu.

Maganar karɓe gona daga wata doka ta fito, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ita ce ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke izinin mallaka, amma sai don amfanin jama'a, kuma sai an ba mai gona sanarwa. Kotuna sun sha yanke cewa ƙwace wa wani a miƙa wa ɗan kasuwa don ribarsa ba amfanin jama'a ba ne. Inda ni nake ganin an cuci talaka shi ne sashe na 29: diyyar ta amfanin da ke kan gonar ce, shuka, itatuwa, rijiya, gini. Ƙasar kanta, wadda ka gada tun kakanni, ba a yi mata kuɗi.

Abin tsoron na wajen takardar yarjejeniya da kamfani. A karanta ta gaban mai gari kafin a dangwala yatsa: wa zai saya, a kan nawa, har shekara nawa? Bini da zugu guba ne, ko akuya ba ta taɓa shi, shi ya sa muke shinge da shi. In mai saye bai zo ba, buhunan na nan a rumbu. Riɗi da gyaɗa kuwa, ko dizal bai samu ba, ranar kasuwar Illela za su shige.