Haramcin Bindigogin Yaƙi a Niyu Zilan: Abin da Dokar Ta Ce da Dalilin Riƙe Ta

Ranar Juma'a 15 ga Maris, 2019, jama'a sun taru domin sallah, wani ɗan ƙasar Ostireliya ya shiga masallacin Al Noor da ke birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan ya buɗe wuta, daga nan ya wuce masallacin Linwood. Mutum 51 suka rasu, har da yaro ɗan shekara 3. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba zan ambaci sunan makashin ba, domin suna yake nema. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, bindigogin da ya yi wannan ta'asa da su ba na fasa-ƙwauri ba ne. Lasisi ya nema aka ba shi a 2017, ya sa kuɗinsa ya saya daga hannun dillalai masu rajista. Kwana 26 bayan harin, ranar 10 ga Afrilu, majalisar dokokin Niyu Zilan ta amince da dokar haramta irin waɗannan makamai da ƙuri'a 119, mutum ɗaya ne kawai ya ƙi.

Sai an san bindigar kafin a gane dokar. Akwai wadda idan ka danne kunama ba ka ɗaga yatsa ba, harsashi zai yi ta fita har ya ƙare. Wannan ta sojoji ce, kuma tun da can ba a sakin ta ga kowa. Akwai ta mafarauta, wadda bayan kowane harbi sai ka ja ƙarfe da hannu ka fitar da kwanso, ka tura sabon harsashi. Tsakanin su biyun akwai wadda ake rigima a kanta: kowace dannawa harsashi ɗaya ne, amma ita da kanta take tofar da kwanson ta ɗura wani, saboda haka saurin harbinta saurin yatsan mai ita ne. Idan aka maƙala mata gidan harsashi mai cin 30, mutum guda zai iya zube sahu guda kafin wani ya kai ƙofa. Ɗan lokacin da maharbi yake tsayawa ya sake ɗuri shi ne lokacin da mutane ke gudu, ko wani mai ƙarfin hali ya far masa. Wannan ɗan lokacin ne dokar take ƙoƙarin dawowa da shi.

Ba a 2019 ƙasar ta fara ganin irin wannan rana ba. A watan Nuwamba na 1990, a ƙauyen Aramoana kusa da Dunedin, wani mutum ya kashe mutane 13. A 1992 aka yi wa dokar makamai ta 1983 gyara, aka ware wani rukuni na bindigogi masu siffar na soja, aka ce sai da izini na musamman bayan lasisin gama-gari. To amma da me ake gane su? Da kamanni. Idan tana da gindi mai naɗewa, ko wurin ɗaura banati, ko mariƙi irin na fistol, ko abin ɓoye walƙiyar harbi, ko gidan harsashi mai cin fiye da 7, ta shiga rukunin. Idan babu ko ɗaya, bindiga ce kamar kowace, mai ƙaramin lasisi ma zai saya, alhali cikinta ɗaya da waccan. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Shi kuwa babban gidan harsashi, ana sayar da shi ba tare da an nemi ganin lasisi ba. Ta wannan ƙofa makashin Christchurch ya bi: ya sayi bindigogin da ƙaramin lasisinsa ya halatta masa, ya sayi manyan gidajen harsashi daban, ya haɗa su a ɗakinsa. A takarda ya karya doka tun daga lokacin da ya haɗa, amma wa zai sani?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an yi gargaɗi. A 1997 wani tsohon alƙali, Thomas Thorp, ya miƙa wa gwamnati rahoto inda ya ba da shawarar a haramta waɗannan bindigogi, a saye su daga hannun masu su, a kuma yi wa kowace bindiga rajista. Gwamnatoci suka zo suka wuce, shawarar tana ajiye shekara 22.

Dokar 2019 ta daina duban kamanni, ta koma duban yadda bindiga ke aiki. Ƙa'idar ita ce duk doguwar bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi haramtacciya ce, ko tana da ado irin na soja ko babu. Sai aka ware guda biyu saboda manoma da mafarauta. Ta farko ƙaramar bindigar nan mai ɗan siririn harsashi da ake kira .22, wadda ake harbin zomaye da ita, muddin gidan harsashinta bai wuce cin 10 ba. Ta biyu bindigar harbin tsuntsaye mai watsa ƙwayoyin dalma, muddin ma'ajiyar harsashinta a manne take da jikinta kuma ba ta wuce cin 5 ba. Fistol yana ƙarƙashin nasa tsarin mai tsauri tun da farko. Sannan aka toshe ƙofar da aka bari a buɗe: gidan harsashin da ya wuce wancan adadi shi kansa haramun ne, ko da babu bindiga a kusa da shi, haka nan sassan da ake haɗawa a mayar da halattacciyar bindiga haramtacciya. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba da izini ba yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5.

Ba kowa aka hana ba. Dillalai masu lasisi, gidajen tarihi, masu shirya fim, masu tara tsofaffin makamai, da ƙwararrun da aikinsu shi ne rage dabbobin da ke ɓarna a gonaki da dazuzzuka, irin su awakin jeji, suna iya neman izini na musamman. Mai tarawa ba ya harba tasa, kuma sai ya cire wani muhimmin sashe nata ya ajiye a wani gida daban. Wanda bai samu shiga jerin ba shi ne mai harbi don gasa, kuma za mu dawo kansa.

To yaya aka yi da waɗanda suka riga suka saya lokacin da abin yake halal? A nan ne nake ganin an yi adalci, kuma a nan ne dokar ta yi haƙora. Ba a ce su ci gaba da riƙewa ba, ba a kuma ƙwace ba tare da diyya ba. An yi afuwa har zuwa 20 ga Disamba, 2019, 'yan sanda suka buɗe wuraren karɓa a faɗin ƙasar. Sabuwar bindiga ana biyan kashi 95 cikin 100 na farashin da aka tsayar mata, wadda aka yi amfani da ita kashi 70, wadda ta lalace kashi 25. An karɓi bindigogi sama da 50,000, an biya sama da dalar Niyu Zilan miliyan 100. Maƙwabciyarta Ostireliya ta yi irin haka bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, zamanin Firaminista John Howard, inda aka karɓi kimanin bindigogi 650,000.

A 2020 aka ƙara da doka ta biyu. Ta rage wa'adin lasisin sabon mai nema daga shekara 10 zuwa 5, ta kuma dawo da rajistar bindigogi da ƙasar ta yi watsi da ita tun 1983. Rajistar ta fara aiki a watan Yuni na 2023. Kwamitin binciken da aka kafa kan harin ya gano cewa 'yan sanda ba su tantance makashin yadda ya kamata ba lokacin da suka ba shi lasisi, musamman wajen mutanen da suka tsaya masa shaida.

Masu sukar dokar suna da maganar da ta cancanci a saurara. David Seymour na jam'iyyar ACT, wanda shi ne ya kaɗa ƙuri'ar ƙin nan guda, ya ce an yi gaggawa, kuma gaskiya ne 'yan kwanaki kaɗan aka bai wa jama'a su faɗi ra'ayinsu. Wasu sun ce masu bin doka ne suka kawo nasu, ɓata-gari kuwa sun riƙe. Mai karatu a Zamfara ko Katsina zai gane wannan hujja da sauri, tun da dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar soja, amma ga AK-47 a hannun 'yan bindiga a daji. Sai dai matsalar ba iri ɗaya ba ce. Niyu Zilan tsibirai ce, ba ta da iyakar ƙasa da kowa, kuma yawancin bindigar da ke hannun mai laifi a can daga kasuwar halal ta zame, ta sata ko ta hannun mai lasisin da ya saya wa wani. Idan aka rage abin da ke kan kanta, an rage abin da zai zame.

Dalilin da ya sa nake cewa a riƙe dokar kam-kam yana Amurka. A watan Satumba na 1994 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta hana ƙerawa da sayar da sababbin bindigogi masu siffar na soja da gidajen harsashi masu cin fiye da 10. Ita ma kamanni ta duba, sai masu ƙerawa suka cire ado suka ci gaba da ciniki. Ta bar wa kowa abin da ya riga ya mallaka. Mafi muni, an rubuta a cikinta cewa bayan shekara 10 za ta mutu sai in an sabunta ta. A watan Satumba na 2004 ta mutu, majalisa ba ta sabunta ba. Irin bindigar da aka so hanawa, AR-15, ita aka yi amfani da ita a makarantar Sandy Hook a 2012, inda aka kashe yara 20 da malamai da ma'aikata 6, da kuma makarantar Uvalde a 2022.

Dokar Niyu Zilan ba ta da ranar mutuwa, amma majalisar da ta yi ta tana iya warware ta. Bayan zaɓen 2023, gwamnatin haɗaka ta Christopher Luxon ta yi alkawarin sake rubuta dokar makamai gaba ɗaya, aka kuma damƙa aikin a hannun Nicole McKee ta jam'iyyar ACT, wadda a da ita ce kakakin ƙungiyar masu lasisin bindiga da ta yaƙi dokar 2019. Ta nuna tana so a duba yiwuwar barin masu harbi don gasa su sake riƙe waɗannan bindigogi. Ƙungiyar 'yan sanda da shugabannin Musulmin ƙasar suka nuna adawa.

Ban ƙi a gyara tsohuwar dokar da aka yi ta yi wa faci tun 1983 ba, kuma ban ɗauki mai son gasar harbi a matsayin mugu ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne da aka raba da abin da suke so saboda laifin wani. Amma izinin gasa yana nufin bindigar tana nan da ranta, ana harba ta, ana ɗaukar ta a mota daga gida zuwa fili, kuma sharaɗin samunta shi ne zama ɗan ƙungiya mai zuwa atisaye a kai a kai. Wannan sharaɗi ne da mai haƙuri zai iya cikawa. Makashin Christchurch ya zauna a Dunedin fiye da shekara guda yana shiri, ya yi rajista da wata ƙungiyar masu harbi da ke kudu da birnin, kuma a filinta ya riƙa gwada hannunsa kafin ranar Juma'ar nan.