Tun yaushe muka daina goge imel?

Duk sanda aka ce bayanan mutane sun fita, ko wani shafi ya canza sharuɗɗansa, sai a hau cece-kuce kamar jiya abin ya faro, wasu su ce a koma imel mai kulle, wasu su ce su dai ba abin da suke ɓoyewa. Alhali abin ya daɗe yana taruwa.

Farkon labarin kowa ya haddace. 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ tsakanin sunan mutum da na kwamfuta, 1991 Phil Zimmermann ya fitar da PGP na kulle saƙo, 1994 aka ƙirƙiro kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya riƙa gane ka), 1996 Hotmail ya kawo imel kyauta a burauza. Daga nan sai a yi tsalle zuwa tonon sililin da Edward Snowden ya yi kan leƙen asirin gwamnatin Amurka a 2013 da GDPR, dokar kare bayanai ta Turai, a 2018, wai an gama tarihi.

Ni inda nake ganin abin ya juya ba a cika tsayawa a kai ba, wato lokacin da gogewa ta daina zama dole. A da mai karanta imel da manhaja a kwamfutarsa ta hanyar POP, saƙo na zuwa manhajar ke sauko da shi, galibi kuma ta share kwafin da ke kan saba, wato kwamfutar kamfanin imel ɗin, ya zama wasiƙarka tana hannunka. Masu na burauza kuwa wurin ajiyar ne ba shi da yawa, Hotmail megabait 2, Yahoo 4, hoto biyu uku akwati ya cika har sabon saƙo ya koma wa wanda ya turo, ko ba ka so sai ka zauna ka yi shara. Ba don sirri ake yi ba, amma sirrin yake karewa.

Ranar 1 ga Afrilu 2004 Gmail ya fito da gigabait 1 kyauta, kusan ninki 500 na Hotmail, har mutane suka zaci zolayar da ake yi duk ranar 1 ga Afrilu ce. Ba a jima ba sauran ma suka faɗaɗa nasu. Kuma fa ba wani makirci a ciki, faifan ajiya ne ya yi arha, mu kuma dama mun gaji da shara, aka ce ajiye kawai in kana buƙata ka lalubo, muka ce madalla. Sai akwatin wasiƙa ya koma rumbu: rasit, tikitin jirgi, takardar neman aiki, hoton fasfo, sakamakon asibiti, rigimar da kuka yi da wani shekara goma baya, duk suna zaune a kwamfutar da ba taka ba. Ga shi kusan duk shafin da ka yi rajista, in ka manta fasawod can zai turo maka hanyar canzawa, to wanda ya shiga imel ɗinka ya samu tarihinka ya kuma samu makullin sauran.

Doka ma a baya aka bar ta. A Amurka dokar sirrin sadarwa ta ECPA ta 1986 ta bambanta saƙon da ya wuce kwana 180 a saba da wanda bai kai ba, tsohon ana iya nemansa ba tare da waranti ba, don lokacin da aka rubuta ta wa zai bar wasiƙa wata shida a can? Sai a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, sai da waranti.

Shi ya sa muhawarar kulle saƙo take ɗan ba ni mamaki. Kullen da yawancin imel ke da shi yau na hanya ne, yana kare saƙo yayin tafiya, in ya sauka ya shiga tarin da ke can. PGP ɗin ma da ake ta yabo bai ɓoye wa ka tura wa da kuma yaushe, balle ya taɓa saƙonnin da suka riga suka kwanta tun shekaru.