Motocin gangamin tuƙi na agaji

Gangamin tuƙi na agaji tafiya ce mai dogon zango da ayarin masu sha'awa ke yi a mota, suna ƙetare ƙasashe don tara kuɗi ko kai kayan tallafi ga mabuƙata. Abin da ya bambanta shi da tseren ƙwararru irin na Dakar shi ne motar kanta. A yawancinsu da gangan ake zaɓar akwala, mai araha da ƙaramin inji, kuma ba a damu da wanda ya riga isa ba.

Kowane gangami da sharaɗinsa. Mongol Rally, wanda aka fara a 2004 daga Ingila zuwa Mongoliya, tafiyar kusan kilomita 16,000, ya ƙayyade girman inji: da farko lita 1, daga baya aka ɗaga zuwa lita 1.2. Shi ya sa Nissan Micra da Fiat Panda suka yi yawa a cikinsa, motocin da aka ƙera don zirga-zirgar cikin gari. Gangamin Plymouth ta Ingila zuwa Banjul ta Gambiya, wanda Julian Nowill ya assasa a 2002, farashi ya duba: kada motar ta wuce fam 100. Na Allgäu-Orient, da ya fara tashi daga kudancin Jamus zuwa Amman ta ƙasar Jodan a 2006, ya nemi motar da ta kai shekara 20 ko wadda darajarta ba ta haura yuro 1,111.11 ba.

Akwai kuma masu tsayawa kan samfuri. A 4L Trophy, matasa na tuƙa Renault 4 kaɗai daga Faransa zuwa Marrakesh ta Maroko, ɗauke da kayan makaranta. An fara ƙera wannan mota a 1961, aka fitar da fiye da miliyan 8, don haka kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Złombol na ƙasar Polan, tun 2007, motocin zamanin kwaminisanci yake karɓa, irin su Fiat 126p da Polonez da Trabant, kuɗin kuma na yaran gidajen marayu ne.

Ana yawan ɗaukar wannan zaɓi a matsayin barkwanci, kuma akwai barkwancin a ciki, amma akwai lissafi ma. Tsohuwar mota mai kafireto, wadda ba kwamfuta ke sarrafa injinta ba, kowane bakanike na bakin hanya zai iya buɗe ta ya gano matsalarta. Ba ta da nauyi, in ta kafe a rairayi mutum uku ko huɗu sun isa su tura ta. Ba ta shan mai sosai. Rashin tsadarta kuma na barin kuɗi mai yawa ya tafi ga tallafin. Illarta a fili take: cikinta kusa da ƙasa yake, kuma ƙafa biyu kawai ke ja.

Saboda haka gyaran da aka fi yi kafin tashi shi ne walda farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, don kada dutse ya fasa kaskon baƙin mai. Sai kariyar ɗora kaya a saman rufi don safayar taya da jarkokin mai da ruwa, wasu su cire kujerun baya, wasu su ƙara wa sifirin ƙarfi. Lodi fiye da kima kan karya motocin nan kafin tsufa ya karya su. Sifirin da shokozoba da tayoyi su ne kan fara lalacewa a hanyar gargada, lagireto kuma a wuraren zafi da hawan tsaunuka.

Makomar motar bayan isa ita ma na shafar zaɓinta tun farko. A Banjul gwanjonta ake yi, a ba ƙungiyoyin agaji na Gambiya kuɗin, shi ya sa ake neman mai sitiyari a hagu, daidai da tsarin tuƙin ƙasar. A shekarun farko na Mongol Rally ma ana barin motoci a Mongoliya a sayar, har dokokin shigo da tsofaffin motoci suka tsananta. Daga bisani aka mayar da wurin kammalawa Ulan-Ude a Rasha na wasu shekaru, aka kuma wajabta wa kowace tawaga ta fitar da motarta daga ƙasar, ko da tuƙi ko a jirgin ƙasa.