Kogunan Niah

Kogunan Niah jerin koguna ne a cikin tsaunin Subis, wani dutsen farar ƙasa da ke tsakiyar kurmi a yankin Miri na jihar Sarawak, ɓangaren ƙasar Malesiya da ke tsibirin Borneo. An ayyana wurin a matsayin gandun daji na ƙasa a 1974, faɗinsa kuwa ya ɗan haura murabba'in kilomita 31. A watan Yulin 2024 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya, saboda shaidar da ke nuna ɗan Adam ya yi hulɗa da wannan kurmi na kimanin shekaru 50,000.

Yanayin wurin

Ruwa ne ya riƙa cin dutsen a hankali har ya fafe shi. Mafi girma a cikin kogunan shi ne wanda ake kira Babban Kogo, kuma tsayin bakinsa na yamma ya kai mita 60 ko fiye. Haske da iska na shiga wannan baki, ƙasansa kuma a bushe take, shi ya sa mutanen dā suka zauna a nan.

Tarihin tono

Tom Harrisson, shugaban gidan adana kayan tarihi na Sarawak, ya fara gwajin tono a 1954. Daga 1957 aikin ya kankama tare da matarsa Barbara Harrisson, har zuwa wajen 1967. A watan Fabrairun 1958 aka tono wani ƙoƙon kan mutum a wani rami mai zurfi a bakin yamma. Gwajin gawayin da aka samu kusa da shi ya nuna shekaru kusan 40,000. Masana da yawa sun yi tababa a lokacin, suna ganin wataƙila gawar zamanin baya ce aka binne da zurfi. Binciken da masanin tonon kayan tarihi Graeme Barker ya jagoranta daga shekarar 2000 ya sake nazarin jerin shimfiɗun ƙasar wurin, sakamakon kuma ya goyi bayan tsufan ƙoƙon, ko da yake an fi sa shi tsakanin shekaru 35,000 da 40,000.

Akwai saɓani kan mai ƙoƙon. Masanin ƙasusuwa Don Brothwell a 1960 ya ce matashi ne. Wani nazari na 2016 ya ce mace ce da ta manyanta.

Abin da ya fi ƙoƙon muhimmanci shi ne abincin mutanen. An daɗe ana zaton kurmi irin wannan ba zai iya ciyar da mutum ba sai da noma. Ragowar da aka tono ta nuna akasin haka: sun farauci aladen daji da birai, sun kama kifi da kunkuru, sun ci doyar daji da garin bishiyar sago. Wasu daga cikin doyar da 'ya'yan itatuwan suna da guba, ba a cin su sai an jiƙa ko an binne su na wani lokaci, kuma an ga ramuka da ake kyautata zaton na wannan aiki ne. Wannan sani ne da ba ya samuwa sai da daɗewa a wuri da kuma koyar da na baya.

Daga baya, kimanin shekaru 3,000 zuwa 4,000 da suka wuce, bakin yamma ya zama maƙabarta, inda aka binne mutane a akwatunan katako da na gora, wasu kuma a cikin tuluna. An kai ƙasusuwan mutane sama da 100 Jami'ar Nevada da ke Amurka a shekarun 1960 domin bincike, ba a mayar da su Sarawak ba sai a 2020.

Kogon Zane

A wani kogo dabam mai suna Kain Hitam akwai jajayen zane-zane a bango: mutane masu miƙe hannuwa kamar masu rawa, dabbobi, da jiragen ruwa. A ƙasa an tarar da akwatunan gawa masu siffar kwalekwale. Ana fassara su da tafiyar mamaci zuwa wata duniya. Shekarunsu sun haura 1,000 bisa yawancin ƙiyasi. Zanen ya dusashe sosai, an kuma kewaye shi da shinge.

Sheƙar tsuntsu da taki

Wasu tsuntsaye dangin tsattsewa na gina sheƙa da yawunsu a rufin kogon, ana kuma sayar da ita da tsada domin miyar da Sinawa ke daraja wa. Masu cirowa na hawa dogayen sandunan katako da gora. Ana kuma kwashe kashin jemage da na tsuntsaye a yi taki. Hukuma ta ƙayyade lokutan cire sheƙa bayan yawan tsuntsayen ya ragu.

Ziyara

Daga Miri tafiyar mota ce ta kamar awa biyu zuwa garin Batu Niah. Ana haye kogin Niah da ƙaramin jirgi, sannan a bi gadar katako ta kusan kilomita 3 cikin kurmi. Hanyar na ratsa Kogon 'Yan Kasuwa, inda sauran rumfunan masu cinikin sheƙa suke, kafin Babban Kogo. Sai da tocila da takalmi mai riƙe ƙasa, domin cikin akwai duhu ƙwarai, katakon kuma na santsi idan an yi ruwa.