Margaret Ekpo (1914–2006), matar da tat tara matan kasuwar Aba har tak kai majalisa

Margaret Ekpo 'yar siyasa ce kuma mai fafutukar haƙƙin mata daga kudancin Najeriya, tana cikin matan farko da sunka ci zaɓe sunka zauna majalisar dokoki a ƙasar ga. An haife ta ran 27 ga watan Yuli 1914 a Creek Town kusa da Kalaba, cikin jihar Kuros Riba ta yanzu, tar rasu ran 21 ga Satumba 2006 tana da shekara 92. Nan Sakkwato in ka ambaci sunanta mafi yawan mutane filin jirgin saman Kalaba za su tuna in ma sun taɓa ji ke nan, alhali matar ga ita da Funmilayo Ransome-Kuti ta Abeokuta da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya su ukun ake jerawa duk sa'ad da anka zo maganar yadda mata sunka shiga siyasar Najeriya.

Asali da karatu

Mahaifinta Okoroafor Obiasulor Inyamuri ne daga yankin Anambara, mahaifiyarta Inyang Eyo Aniemewue kuwa Efik ce daga gidan sarautar Creek Town, zuriyar Sarki Eyo Honesty na biyu. Karatun boko ba ta yi nisa ba da farko, ta kai aji shida na elementare a 1934 kuma shekarar ce mahaifin yar rasu, to burinta na zuwa kwalejin horon malamai sai yat tsaya nan, tak kama koyarwa a ƙananan makarantu irin malamtar nan da ake ba ɗalibin da yaf fi saura ƙoƙari. A 1938 tay yi aure da wani likita ɗan ƙabilar Ibibiyo, Dokta John Udo Ekpo, daga baya aiki yak kai su Aba. A 1946 tat tafi Dublin ta ƙasar Ayalan tay yo difloma kan ilimin kula da gida, da tad dawo sai tab buɗe makarantar koyon ɗinki da girki a Aba, 'yan mata na zuwa koyon sana'a.

Yadda tas shiga siyasa

Ta ƙofar mijinta tas shigo, amma ba irin yadda ake zato ba. Zamanin Turawa likitoci 'yan ƙasa na ganin wulaƙanci wajen albashi da ƙarin girma, Bature da baƙar fata su yi aiki guda amma a fifita Baturen, kuma Dokta Ekpo ma'aikacin gwamnati ne, doka ta hana shi zuwa tarurrukan da ake sukar gwamnatin mulkin mallaka. Sai matar ta riƙa zuwa a madadinshi, wajen 1945 ke nan, ta saurara ta komo gida ta ba shi labari. Ana haka anka yi wani babban gangami a Aba wanda Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe da Mbonu Ojike sunka yi jawabi, tad duba gabas tad duba yamma ba mace ko guda sai ita. Daga nan tas shiga jam'iyyar NCNC ta su Azikiwe, kuma abin da yat tsaya mata a rai shi ne ina sauran matan.

Ba wai matan Aba ba su san gwagwarmaya ba. A 1929, Margaret na 'yar shekara 15, matan yankin sunka tayar da boren da har yau ake kira yaƙin matan Aba, kan jita-jitar za a aza musu haraji da kuma zaluncin sarakunan da Turawa sunka naɗa da takarda, anka harbe mata sama da 50. Amma bore daban, ƙungiya mai rajista da shugabanni da ranar taro daban, kuma mazan garin ba su son matansu na fita taron siyasa.

Maganar gishiri

Nan ne wajen da yaf fi daɗin ji a tarihinta, kuma a ganina shi ke nuna ko wace ce ita fiye da duk wata kujera da tar riƙa. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi ƙarancin kayan masarufi, gishiri yay yi wuya ƙwarai. Yadda ake ba da labarin, Margaret tab bi manyan shagunan da ke kawo gishiri Aba tas saye abin da ke akwai, tac ce ba a sayar wa kowace mace sai wadda tay yi rajista da ƙungiyar matan kasuwa. To ka ga mai gida ya dawo da marece an aza mishi tuwo da miya salam, ya tambaya a ce mishi ai gishirin na wajen 'yan ƙungiya kuma kai kah hana ni shiga, kwana nawa zai yi shina cin wagga miya kafin ya ce je ki a rubuta sunanki. Haka mazan sunka saki, mata sunka yi ta tururuwa suna rajista.

Wani zai ce wanga ai ɓoye kaya ne, kuma da gaskiyarshi, yau ɗan kasuwa ya gwada haka a babbar kasuwar Sakkwato ya ga yadda za a yi da shi. Sai dai ita ba riba tab bi ba, mutane take nema, kuma ta gane abin da 'yan boko masu dogon Turanci na zamaninta ba su gane ba, wato mai sayar da manja da garin rogo ba ta barin rumfarta don jin lacca kan tsarin mulki, amma za ta zo in maganar ta shafi kuɗin rumfa da harajin kasuwa da farashin kaya da abin da za ta zuba a tukunya. In ta zo don wanga, sannan a yi mata maganar ƙuri'a.

A watan Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka sunka buɗe wuta kan ma'aikatan haƙar kwal da ke yajin aiki a Iva Valley ta Inugu, sunka kashe mutum 21. Ƙasa tad ɗau zafi, anka yi zanga-zanga a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba, Margaret na cikin waɗanda sunka ja gaba a Aba, kuma ita da Funmilayo Ransome-Kuti sunka haɗa murya wajen la'antar kisan. Tun daga nan sunanta yaf fita daga Aba yaz zama na ƙasa.

A 1954 tak kafa ƙungiyar matan garin Aba baki ɗaya, ba 'yan kasuwa kaɗai ba. Shekarar ce kuma jihar Gabas tab ba mata damar jefa ƙuri'a, to da ma ga jama'a a hannu, sai anka bi su rumfa rumfa unguwa unguwa ana yi musu rajistar zaɓe, har a zaɓen garin Aba na 1955 mata masu ƙuri'a sunka fi maza yawa. Duk ɗan takarar da ke son Aba dole ya biyo ta wajen matan ga. Jam'iyya ma ta san da haka, shi yas sa a shekarun 1950 anka ba ta kujera ta musamman a majalisar sarakunan Gabas ita da Janet Mokelu, kamar yadda anka ba Funmilayo a ta Yamma, kuma tana cikin waɗanda sunka halarci tarurrukan tsara tsarin mulki kafin samun 'yancin kai a 1960. Ta kuma shugabanci reshen mata na NCNC.

A majalisa

A 1961 tat tsaya takara daga Aba tac ci kujerar majalisar dokokin jihar Gabas da ke Inugu, Janet Mokelu ma tac ci a wannan zaɓen. Wanga karon ba naɗi ba ne, ƙuri'a ce, kuma bambancin na da girma don wanda anka naɗa ana iya cire shi ran da anka ga dama. Shekara guda kafin nan Wuraola Esan ta Ibadan taz zama mace ta farko a majalisar dattawa, ita kuma naɗa ta anka yi. Abubuwan da Margaret tad dinga tayarwa a zauren ba su da ƙyalƙyali, maganar hanyoyin ƙauye da mata ke bi su kai amfanin gona kasuwa, maganar sufuri, maganar shigar mata harkar kuɗi da shari'a da siyasa, wato dai abin da tas saba ji daga bakin matan da sunka zaɓe ta.

Zaman bai daɗe ba. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji sunka kifar da jamhuriya ta farko, juyin mulkin da anka kashe Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, majalisu duka sunka watse. Da yaƙin basasa yab ɓarke a 1967 hukumomin Biyafara sunka tsare ta, tay yi wajen shekara uku a tsare har anka gama yaƙin a 1970. Abin da ban takaici, mace ta yi shekara ashirin tana wa jama'ar yankin aiki kuma ubanta Inyamuri, amma ba ta tsira ba. Lokacin ƙananan ƙabilun Gabas irin Efik da Ibibiyo na cikin tsaka mai wuya, don Janar Gowon ya yanka musu tasu jihar mai hedikwata a Kalaba cikin jihohi 12 na watan Mayu 1967, rabon da mu ma yab ba mu jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. Bayan yaƙi ba ta sake riƙe wata kujerar zaɓe ba.

In anka dubo ta daga Arewa

Sa'ad da matan Aba sunka rinjayi maza a rajistar zaɓe, mace a Sakkwato ko Kano ko Zariya ba ta da ƙuri'a ko guda. Jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ba ta yarda ba, tana cewa lokaci bai yi ba kuma al'ada ba ta ɗauka, NEPU ta Malam Aminu Kano ce ke goyon baya, kuma Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka kan wagga magana. Sai a 1976 lokacin gyaran ƙananan hukumomi matan Arewa sunka fara jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 yat tabbatar da shi, kuma zaɓen 1979 ɗin shi yak kai ɗan jihar Sakkwato Alhaji Shehu Shagari kujerar shugaban ƙasa. Tazarar sama da shekara ashirin ke nan tsakanin matar Aba da matar Sakkwato.

Amma kuskure ne a ɗauki salon Margaret a ce shi kaɗai ne hanya. Can kudu kasuwa ta mata ce, su ke zaune a rumfuna daga safe har marece, tara su ba wuya. Nan kuwa matar aure da yawa cikin gida take sana'arta, ƙuli-ƙuli, fura, ɗinkin hula, kitso, adashi, yara ke kai talla su komo da ciniki, ba wata rumfa da za ka bi ka same ta. Kuma ƙasar ga na da nata tsarin tun kafin Bature ya zo, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda tar rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru inda take naɗa jajis, dattijan mata masu ilimi, ta aza musu malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata cikin gidajensu su kuma jagorance su zuwa wajenta. Manufar ba guda ba ce, Nana karatun addini da tarbiyya tas sa gaba, Margaret ƙuri'a da kujera, sai dai duk su biyun sun je sun iske mata inda suke ne, ba su zauna jiran mata su zo ba. 'Yan siyasarmu na yanzu kam sun iya bin gida gida ran da zaɓe yak kusa, da atamfa da sabulu da taliya, kuma mata ne ke cika layi ranar zaɓen, in an zo rabon takara sai ka nemi sunayensu ka rasa.

Karramawa da abin da yab biyo baya

A 2001 gwamnatin Obasanjo tas sa wa filin jirgin saman Kalaba sunanta tana da rai, abin da ba kasafai ake wa mutum ba a ƙasar ga, kuma an ba ta lambobin girma na ƙasa. A Jami'ar Najeriya ta Nsukka ma akwai ginin da ke ɗauke da sunanta. Ta rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba a 2006, shekarar da Najeriya taf fito da manufar ƙasa kan jinsi mai cewa a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, maganar da har yau tana kan takarda. A watan Maris 2022 majalisar tarayya tay yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da sunka shafi mata, har da na ware musu kujeru na musamman, mata sunka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa a Abuja. Majalisar dattawan da anka zaɓa a 2023 kuwa, cikin kujeru 109 mata ba su wuce huɗu ba.

A 2012 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi yab ba da sanarwar zai fito da takardar naira 5,000 mai ɗauke da hoton Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti da Gambo Sawaba, Gabas da Yamma da Arewa ke nan a takarda guda. Jama'a sunka yi ca a kai don tsoron tashin farashin kaya, majalisa ma taƙ ƙi, gwamnatin Jonathan tad dakatar da shirin, ba a buga takardar ba.