Waiwaye: Kitse a gindin bindigar ɗure

Masu sha'awar tsofaffin bindigogi a Amurka sun daɗe suna ja-in-ja kan ɗan akwatin nan da ke jikin ƙotar bindigar ɗure: a zuba man shafa ƙyallen harsashi a ciki, ko kuwa a'a? Wasu sun ce ai don haka aka sassaƙa shi. Wasu sun ce mai na jiƙa katako, ya yi wari, ya tara yashin da zai cinye cikin bututu. Maganar ta samo asali da nisa.

Bindigar da ake magana ba irin tamu ta harbi-ka-ruga ba ce mai sumul a ciki. Bututunta na da tsagi murɗaɗɗe, saboda haka sai an naɗe dunƙulen dalma da ƙyalle mai maiƙo kafin a tura shi kan albarushi. Ƙyallen ne ke kama tsagin, maiƙon kuma ya tausasa tokar harbin baya.

Farkon labarin sananne ne. Maƙeran Jamus sun zo yankin Lankasta na jihar Fensilbaniya a ƙarni na 18 da bindigar farauta mai akwati da murfin katako, daga baya murfin ya koma na tagulla mai ado. Bindigar Baker da sojan Ingila suka karɓa a 1800 ita ma tana da shi. Da harsashin Minié, wanda ke kama tsagin da kansa ba sai an naɗe shi ba, ya fito a Faransa a 1849, ƙyalle ya daina amfani a fagen yaƙi, shi ya sa bindigar Springfield ta sojan Amurka samfurin 1861 ta fito ba akwati.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne abin da ya faru a duwatsun Afalashiya, wajen Tenesi da Karolina ta Arewa, cikin ƙarni na 19. Mutanen nan manoma ne da maharba, ba su da kuɗin tagulla. Maƙeransu suka ƙera bindiga da baƙin ƙarfe zalla, ba ado, a maimakon akwati kuma sau da yawa suka huda rami ɗaya a gefen ƙota, buɗe, ba murfi. Nan ake danna kitse. Maharbi zai goga ƙyallensa a bakin ramin da babban yatsa, ya ɗora a bakin bindiga, ya danna dalma, shi ke nan.

Ramin ya yi aiki ne saboda irin abin da ake sa masa. Kitsen tunkiya ko na naman daji ne da aka narkar aka tace, sau da yawa a gauraya da kakin zuma, ya daskare ya yi tauri. Ba ya malala, ba ya nutsewa cikin katako da sauri. Kuma bindigar kullum tana hannu, kitsen na ƙarewa ana sabuntawa, ba ya samun zaman da zai lalace. Wanda ya taɓa ganin kitse a kasko da sanyin hunturu ya san taurin da nake nufi.

A ganina nan ne zaren ya tsinke. Akwati mai murfi da rami buɗaɗɗe abu biyu ne. Na farko ya ɗauki tarkace iri-iri: yankakken ƙyalle, ƙarfen goge bututu, ƙanƙarar ƙyastu, wani lokaci har da kitsen. Na biyu kitse kaɗai ya sani. Da harbin bindigar ɗure ya farfaɗo a shekarun 1930, har daga baya ake taron shekara-shekara a garin Friendship na jihar Indiyana, ido ya fi karkata ga masu adon tagulla, don su ne aka fi adanawa. Bindigar talaka ta sha wuya a hannun mai ita, kuma ba a cika kula da dabarar da ke tattare da ita ba.

Sai kuma man ya canza. Yau mutum zai sayi mai ruwa-ruwa a kwalba, ya zuba a akwatin da ba a yi don ruwa ba, ya jingine bindigar wata shida. Ranar da ya ɗauko, sai ya tarar katakon ya yi baƙi, murfin ya manne, ƙura ta kwanta a kai. Daga nan sai ya ce mutanen zamanin da ba su san abin da suke yi ba, alhali a wasu bindigogin duwatsun da suka rage har yanzu ana ganin busasshen kitse a ƙasan ramin.